Garuruwan Kan Ruwa na Ƙasar Sin: Wuzhen, Tongli, Nanxun ko Zhouzhuang, Wanne Za Ka Je?

Duk wanda ya saba zuwa Yiwu sarin kaya ya san irin wannan rana. An gama ciniki, an ƙirga katan-katan, an rufe kwantena, ejan ya ce sauran aikin nasa ne, jirginka kuma sai jibi zai tashi daga Shanghai. Yawancin mutanenmu a ɗakin otal suke kashe kwana biyun nan, ko su koma kasuwar Futian su sake zaga layukan da suka riga suka haddace. Alhali a kan hanyar da dole ka bi, ko da ɗan ratse kaɗan, akwai tsofaffin garuruwa zaune a kan ruwa, waɗanda fatake irinka suka gina da ribar siliki da shinkafa da auduga shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Matsalar ita ce sunayen suna da yawa, a hoto kuma duk kamanninsu ɗaya. Huɗu zan auna a nan, Zhouzhuang da Tongli da Wuzhen da Nanxun, in taɓo wasu biyu a gurguje. Tun daga farko ina ba da shawarar a zaɓi ɗaya tak, domin taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya haɗa gari biyu a yini ɗaya, a mota zai ƙare yinin.

Yankin da ake magana shi ne kudu da bakin kogin Yangtze, Sinawa na kiransa Jiangnan. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai tafkuna da fadamu, inda haƙa hanyar ruwa ya fi gina titi sauƙi. Babbar hanyar ruwan da ta taso daga Beijing zuwa Hangzhou, mai tsawon kusan kilomita 1,800, ta nan ta ratsa. Sarki Yang na daular Sui ne ya haɗe sassanta a farkon ƙarni na 7, UNESCO kuma ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2014. Ƙananan hanyoyin ruwa suka riƙa ɓallewa daga jikinta kamar jijiyoyin ganye, duk inda biyu ko uku suka haɗu sai kasuwa ta ci, kasuwa ta zama gari. Shi ya sa tsarinsu ya zo ɗaya. Ruwa shi ne titi. Gaban gida na kallon lungu, bayansa na kallon ruwa, da matakalar dutse da ke gangarawa ƙasa, inda ake wanki, ake sauke kaya, ake sayen kifi daga kwale-kwale. Bango fari ne, rufi na gasasshen yumɓu ne baƙi-baƙi. Gadoji na dutse ne masu doro, an tayar da tsakiyarsu don jirgi ya wuce ta ƙasa da lodinsa. In ka duba gefen ginin dutsen da ya tare ruwan, za ka ga ƙananan duwatsu masu huda da aka sassaƙa don ɗaure jirgi, kamar turken doki a ƙofar gidan mai sarauta.

Abin da Bahaushe zai fi saurin ganewa shi ne cikin gidajen attajirai. Fuskar gidan ƙanƙanuwa ce, zurfinsa ne ba iyaka. Ka shiga ɗakin farko inda ake ajiye baƙo a ba shi shayi, ka ratsa 'yar tsakar gida, ka shiga babban ɗakin karɓar manyan baƙi, ka sake ratsa wata tsakar gidan, sai can ƙurya a saman bene ka tarar da sashen mata. Zaure ne da shigifa da cikin gida, ba ko tantama. Har da wani siririn lungu mai duhu a gefe, wanda barori da mata ke bi don kada su ratsa ta gaban baƙi. Inda muka rabu da su shi ne wajen ado. Attajirin Zariya ko na Damagaram a fuskar gida yake zuba dagi da zankwaye, kowa ya wuce ya san akwai. Su kuwa bangon waje ba komai, farin fenti kawai. Ƙofar bulo da aka kwashe watanni ana sassaƙa mata furanni da tsuntsaye da mutane, fuskarta ciki take kallo, sai ka shiga ka waiwayo za ka gan ta. Mai gida kaɗai da baƙonsa ke morar ta. A ƙasar da sarki zai iya ƙwace dukiyar mutum rana ɗaya, ɓoye arziki hikima ce.

Mu fara da Zhouzhuang, wanda ake furtawa kamar Jojuwang, tunda shi ya fi suna. Yana ƙarƙashin Kunshan a lardin Jiangsu. Tarihinsa ya faro daga 1086, lokacin da wani mai suna Zhou Digong ya ba da gonarsa kyauta ga gidan ibada, garin ya ɗauki sunansa. Ta fuskar gidaje kam ba a ja da shi. Gidan Shen, wanda aka gina a 1742, yana da ɗakuna sama da 100 a jere cikin sassa bakwai, daga matakalar bakin ruwa har ƙuryar mata. Zuriyar Shen Wansan ne suka gina shi, attajirin ƙarni na 14 da ake ba da labarin cewa shi ya biya kuɗin sulusin ganuwar Nanjing, har sarkin da ya kafa daular Ming ya tsargu da dukiyarsa ya kore shi zuwa Yunnan. Gidan Zhang ya girme shi da kusan shekara 300, an gina shi a tsakiyar ƙarni na 15, kuma shi ya fi burge ni. Wata siririyar hanyar ruwa ta ratsa ta cikin gidan, da ɗan faffaɗan wuri inda kwale-kwale zai juya. Wato mai kawo kayan miya har bakin madafi yake tuƙo jirginsa. Ga kuma tagwayen gadoji, Shide da Yong'an, na zamanin Sarki Wanli, ɗaya mai zagayayyen baki ɗaya mai kusurwa, sun haɗu kamar tsohon mabuɗi. Su ne mai zane Chen Yifei ya zana, attajirin man fetur na Amurka Armand Hammer ya sayi zanen ya ba jagoran ƙasar Sin na lokacin, Deng Xiaoping, kyauta a 1984, daga nan sunan garin ya fita duniya.

To, sunan nan shi ne ciwonsa. Lungunan Zhouzhuang ƙanana ne, wasu mutum biyu sai sun karkace kafin su wuce juna, motocin 'yan yawon buɗe ido kuma daga ƙarfe tara na safe suke fara juye jama'a. Ranar da na je da hantsi, a kan tagwayen gadojin nan ban ga dutsen da nake takawa ba, bayan riga kawai nake gani da tutar jagora. Kusan kowane gida da ke bakin lungu ya koma shago, kuma ɗan Yiwu zai yi dariya, don rabin tsarabar da ke rataye ya san layin da aka saro ta da farashinta na sari. Sannan akwai abin da ba a faɗa maka a hoto. Abincin da garin ke taƙama da shi dafaffiyar ƙafar alade ce, an sa mata sunan Wansan, tana jere cikin tire a shago bayan shago, ja jawur tana ƙyalli, warinta ya cika lungu. Musulmi zai sha kawar da kai. In ka nace sai Zhouzhuang, ka kwana a kusa ka shiga da sassafe kafin bakwai, ka ga gidajen biyu da zarar an buɗe, ka fice kafin rana ta take. Kuɗin shiga wajen yuwan 100 ne.

Tongli bai yi nisa da shi ba, yana gundumar Wujiang ta Suzhou, kuma kusan duk abin da Zhouzhuang ya rasa shi yana da shi. Hanyoyin ruwa 15 sun yanka shi tsibirai bakwai, gadoji 49 suka ɗinke su. Bakin ruwansa yana da faɗi, da manyan itatuwa masu inuwa, saboda haka ko da mutane sun yi yawa ana samun wurin numfashi. Kuma gari ne da har yanzu ake zaune a ciki. Ka kauce daga babban layi lungu biyu kacal, za ka ga shanya a kan gora, tsohuwa na tsinke ganye a bakin ƙofa, tsofaffin maza sun kewaye teburi suna buga kati. An ce asalin sunansa Futu, wato ƙasa mai arziki, mutanen garin suka ga sunan na jawo musu idon masu karɓar haraji, suka wargaza haruffan suka sake haɗa su ya koma Tongli. Ko gaskiya ne ko ƙari, labarin ya dace da mutanen da ke juya ƙofar ado ta kalli ciki.

Abin da ya ɗaga Tongli sama da sauran shi ne lambun Tuisi. Wani jami'in gwamnati mai suna Ren Lansheng aka tuɓe daga muƙaminsa bisa zargi, ya dawo gida ya gina shi tsakanin 1885 da 1887, ya sa masa suna daga wata tsohuwar magana da ke cewa in kana kan aiki ka yi tunanin biyayya, in ka koma gefe ka yi tunanin gyara kurenka. Mai zane Yuan Long ne ya tsara shi. Filin bai kai kadada ɗaya ba, amma an yi masa dabara ta yadda ba ka taɓa ganinsa duka a kallo ɗaya. Kowace taga da siffarta, kowace kwana sai ta buɗe maka wani abu. Ɗakunan an sauke su dab da fuskar tafkin, har ka ji kamar a kan ruwan suke yawo, ɗaya ma an gina shi da siffar jirgi yana kutsowa cikin tafkin. UNESCO ta haɗa shi cikin lambunan Suzhou na tarihi a shekarar 2000. In ka fito, ka nemi Chongben da Jiayin, gidaje biyu na farkon ƙarni na 20 da ke fuskantar juna, ka tsaya ka dubi sassaƙar katako a ƙyamaren ƙofa da tagogi. Ba ƙusa ake haɗa manyan katakan da ita ba, huda ake yi a zura wani cikin wani. A gabansu ne gadoji uku na Taiping da Jili da Changqing suke, waɗanda amarya da ango ke zagayawa ranar biki, haka jariri in ya cika wata, haka tsoho in ya kai 66. A nan kuma wani lokaci za ka ga masunci da baƙaƙen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya a kan jirginsa, an ɗaure musu maƙogwaro don kada su haɗiye babban kifi. Yanzu wasa ne na kuɗi, amma da can sana'a ce.

Wani abin da ke ƙara wa Tongli maki shi ne sauƙin zuwa. Daga tashar Hongqiao ta Shanghai zuwa Suzhou rabin awa ne a jirgin ƙasa mai gudu, daga nan layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kai ka tashar Tongli. Kuɗin shiga shi ma wajen yuwan 100 ne, lambun da gidajen duk a ciki. Rauninsa ɗaya, ta fannin sana'ar hannu ba shi da abin nunawa sosai. Mai son aikin allura sai ya koma Suzhou, inda ake tsaga zaren siliki ɗaya gida-gida a yi ɗinkin da gaba da baya duk fuska ne, ba ka ganin ƙulli ko ɗaya.

Wuzhen dabam yake, kuma shi ne mutane suka fi saɓani a kansa. Yana Tongxiang a lardin Zhejiang, shi ya fi kusa da mai tasowa daga Yiwu: jirgin ƙasa zuwa Hangzhou, wani ɗan gajeren zuwa Tongxiang, sai bas ko tasi na ƙasa da awa ɗaya. An raba shi gida biyu da tikiti dabam-dabam. Sashen gabas, Dongzha, shi aka fara buɗewa a 2001, ƙarami ne, ana rufe shi da yamma. Sashen yamma, Xizha, ya biyo baya da wasu shekaru, ya ninka shi girma, yana kaiwa dare. Tikitin gabas wajen yuwan 110, na yamma 150, na haɗe 190, wato kusan ninkin na Zhouzhuang da Tongli.

Abin da aka yi a Xizha shi ne an tashi mazauna an mayar da su sababbin gidaje, kamfani ya karɓi unguwar gaba ɗaya, ya gyara, ya binne wayoyin lantarki da bututun ruwa a ƙasa, ya mayar da tsofaffin gidaje masauki. Sakamakon ya yi kyau har ya so ya yi yawa. Ba shara, ba mai jan rigarka, farashi a rubuce yake, shaguna ba sa maimaita kayan juna. Gidajen katako masu ƙafafu a cikin ruwa suna jere, da daddare aka kunna fitilu a ƙarƙashin gadoji sai kowace gada ta haɗu da inuwarta ta zama zobe. A ƙarshen unguwar akwai doguwar hasumiya, in ka hau za ka hango babbar hanyar ruwan nan da manyan jiragen dakon yashi da kwal suna wucewa, aiki na gaske ba na nuni ba. Amma ba yaro mai tafiya makaranta, ba maƙwabciya mai leƙowa ta taga. Wanda ka gani a bakin ƙofa ma'aikaci ne. Ni ina jin wurin kamar ɗakin amarya da aka jera aka kulle, komai na nan a muhallinsa sai dai ba a kwana a ciki. Ba mamaki a nan gwamnati ta ajiye babban taron intanet na duniya da take yi duk shekara tun 2014, a nan kuma manhajar AlphaGo ta lallasa gwanin wasan dara na Sin, Ke Jie, sau uku a jere a 2017.

Duk da wannan ƙorafi nawa, mai son sana'ar hannu Wuzhen zai je, musamman Bakano. Dalili shi ne marina. A Dongzha akwai tsohuwar marinar Hongyuantai, a Xizha akwai wata babba. Tun daga nesa za ka hango dogayen turaku sun haura rufin gida, an rataye turame shuɗaye masu fararen furanni suna kaɗawa. Kana kusantowa warin zai gaya maka inda kake, don warin baba ɗaya ne ko a Ƙofar Mata ko a Sin. Launin ma ɗaya yake fitowa: a tsoma, a ɗago ƙyallen yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a kan idonka, a sake tsomawa sau da yawa har ya yi duhun da ake so. Inda hanya ta rabu shi ne yadda ake hana rini kama wani wuri. Namu ɗauri ne da ɗinki, a tattare ƙyalle a ɗaure da zare. Su kuwa takarda mai kauri suke shafa wa mai, su huda ta da wuƙa su fitar da zane, su shimfiɗa ta a kan farin yadi. Sai a kwaɓa garin waken suya da farar ƙasa ya yi kauri kamar kunun kanwa da ya kwana, a shafe shi da faffaɗar wuƙa ya bi ta hudojin ya zauna a kan yadin. A ɗage takardar, a matsa gaba, a maimaita. A bar shi kwanaki ya bushe, a rina, in an gama a kankare busasshen ƙullun, farin zane ya fito. Na tsaya na fi rabin awa ina kallon hannun mai shafawar nan, ba ya ko duban inda zai ajiye takardar amma zanen ba ya kaucewa.

Ga yadda za ka bambance na hannu da na inji, don a shagunan waje an cakuɗa su. Na hannu in ka duba cikin farin za ka ga siraran layuka shuɗaye kamar tsagewar ƙasa a rani, wurin da ƙullun ya tsattsage rini ya kutsa. Kuma shuɗin ya ratsa har baya. Na inji farinsa fes yake, bayansa kuma a koɗe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙasar da atamfarta da shaddarta suka cika Kantin Kwari, ita ce ta killace tata marinar ta gargajiya tana karɓar kuɗin kallo. Marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, ramukanta da yawa kuma a cike suke da ƙasa. Ban da rini, a Dongzha akwai gidan da aka tara tsofaffin gadajen kwana na katako masu sassaƙa, wasunsu ɗaki ne guda da ƙofa da lokar ajiya, da gidan marubuci Mao Dun wanda aka haifa a garin a 1896. A Xizha akwai farfajiyar da ake tsima miyar waken suya cikin manyan randuna masu hular gora. Akwai kuma gidan dafa giyar shinkafa, sai a wuce shi.

Nanxun na ajiye a ƙarshe saboda shi zan zaɓa wa ɗan kasuwa. Yana Huzhou, arewa da Wuzhen kaɗan. Gari ne da siliki ya gina. Zaren ƙauyen Jili da ke kusa ya yi suna wajen laushi da ƙarfi, har ya ci lambar yabo a babban baje kolin Landan na 1851. Da aka buɗe tashar jiragen Shanghai ga Turawa a 1843, dillalan Nanxun suka tsaya tsakanin manomi mai kiwon tsutsar siliki da kamfanonin Turai, suka yi kuɗin da har mutanen gari suka rarraba su da sunan dabbobi: giwaye huɗu, shanu takwas, karnukan zinariya 72. Giwayen su ne gidajen Liu da Zhang da Pang da Gu. Babbansu, Liu Yong, yaron shago ne a kantin yadi kafin ya kama harkar siliki. Duk wanda ya taso a Kwari ya san irin wannan labari.

Abin kallo shi ne yadda suka kashe kuɗin. Liu Yong ya fara lambun Xiaolianzhuang a 1885, da babban tafkin bado a tsakiya, zuriyarsa ba su gama ba sai bayan kusan shekara 40. Jikansa Liu Chenggan ya zuba dukiya a littattafai, ya gina ɗakin karatu na Jiayetang tsakanin 1920 da 1924, ya kewaye shi da ruwa saboda gobara, ya tara tsofaffin littattafai dubbai ɗaruruwa da allunan katako na buga su. Gidan Zhang Shiming kuwa, mai ɗakuna sama da 200, shi ne ya fi bayyana halin mutanen. Daga waje farin bango ne kamar na kowa. Sassan farko sassaƙar katako da bulo da dutse ne irin na gargajiya. Kana ƙara kutsawa sai ga tagogi da shuɗin gilashi mai furanni da aka yo odarsa daga Faransa, can ƙurya kuma jan ginin bulo irin na Turai da falon rawa mai daɓen tayil. An ɓoye Turai a bayan bangon Sin. Ɗan uwansu Zhang Jingjiang shi ne ya riƙa tallafa wa Sun Yat-sen da kuɗi a fafutukar kifar da sarauta, gidansa ma yana nan. A arewa maso gabashin garin akwai Baijianlou, jerin gidajen talakawa na zamanin Ming da suka bi gaɓar ruwa biyu tsawon kusan mita 400, da rumfuna a gabansu. Mutane na ciki har yau. Da sassafe wurin shiru yake, sai ƙarar wanki da rediyon wani tsoho. An cire kuɗin shiga Nanxun tun farkon 2023, a ƙarshen 2024 kuma jirgin ƙasa mai gudu daga Shanghai ya fara tsayawa a garin. Hakan ya ƙara masa jama'a, amma garin na da faɗin ɗaukarsu. In za ka sayi siliki a nan ko a ko'ina, ka roƙi zare ɗaya ka ƙona: na gaske warin ƙonannen gashi yake, tokarsa na murtsukewa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule.

Sauran biyun ba sa buƙatar dogon bayani. Zhujiajiao a cikin Shanghai yake, layi na 17 daga Hongqiao ya kai ka, shiga garin kyauta ne, yana da gadar Fangsheng mai baki biyar da aka fara ginawa a 1571. Na wanda awa huɗu kawai ke gare shi ne. Xitang yana da doguwar rumfa a bakin ruwa da ta wuce kilomita ɗaya, ga wani lungu da faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, sai dai da daddare wani sashensa mashaya ne da kiɗa. In ba wannan ka zo nema ba, ba ka yi asarar komai ba.

Saboda haka ga yadda zan raba. In daga Yiwu kake, kana da kwana guda cur, kuma rini da sassaƙa ne suka dame ka, ka tafi Wuzhen, ka yi Dongzha da rana, ka kwana a Xizha, ka karɓi tsadar. In da iyali ne ko da dattijo mai ciwon gwiwa, nan ɗin ma ya fi, saboda tsafta da banɗaki da jiragen da ke ɗaukar mutum daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In gini da lambu kake so kuma kana son ganin gari mai rai, Tongli, ka haɗa da kwana a Suzhou. In kana son ka ga abin da fatauci ke iya ginawa, ba tare da an matse ka ko an tatse aljihunka ba, Nanxun. Zhouzhuang sai ga mai iya sammako. Wanda yake Gwanzu kuwa ya sani tafiyar ta fi kilomita 1,000, sai da jirgin sama na wajen awa biyu, kada ya ɗauka ratse ne.

Lokaci ma yana iya ɓata kowanne daga cikinsu. Makon farko na Oktoba da farkon Mayu da hutun sabuwar shekarar Sinawa, kada ka kusanci ko ɗaya. Asabar da Lahadi ma in da hali a kauce. Daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, bayansa zafi mai gumi, hunturu kuma sanyi ne mai laima da ke shiga ƙashi. Maris zuwa Mayu da ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba su ne daidai, kuma sun yi kusa da lokutan baje kolin Gwanzu. Ka riƙe fasfo a jikinka, da shi ake sayen tikitin jirgin ƙasa da kama ɗaki, kuma ka tabbatar masaukin yana karɓar baƙon waje kafin ka biya. Alipay ko WeChat da kake ciniki da su a Yiwu su za su yi maka komai. Kwale-kwale galibi kuɗin jirgi ake biya ba na kai ba, sai ka jira wasu ku haɗa.

Batun ci shi ne mai wuya. Yiwu ta sangarta mu da gidajen abincin halal a kowane lungu, nan kuwa ba haka ba ne. Naman tunkiyar da Wuzhen ke alfahari da shi ba yankan Musulmi ba ne, kuma da giyar shinkafa ake dafa shi. Kifi ma sau da yawa ana ɗiga masa ita. 'Yan ƙananan biskit na gargajiya da ake miƙo maka ɗanɗano, da yawansu da kitsen alade ake murza su. Mafita ita ce shagunan taliyar Lanzhou na Musulmin arewa maso yamma, galibi masu koren allo da haruffa biyu 清真, waɗanda ake samu a sabon gari wajen ƙofar shiga ko kusa da tashar mota. Ka ci ka ƙoshi kafin ka shiga, ka sa dabino da 'ya'yan itace a jaka. Kada ka sa rai da masallaci a cikin tsohon garin, ka tafi da dardumarka ka yi ƙasaru. In Juma'a ta kama ka a hanya, akwai masallaci a Hangzhou, da Taipingfang a Suzhou, da Xiaotaoyuan a Shanghai. Shayi kam ba matsala. A Wuzhen na busasshen farin fure ake sha, a Nanxun kuma za a iya kawo maka wani mai gishiri-gishiri da ƙyafaffen koren wake da riɗi da ɓawon lemo a ciki. In ka shanye ruwan, waken ma ci ake yi.